Rigar Kanti Da Masu Jiki: Nasiha Ga 'Yan Kasuwa

 Ya ku 'yan'uwa malamai da 'yan kasuwa masu karanta wannan fili, yau ina so mu duba wata mas'ala wadda in an ji ta da farko sai a ɗauka ƙarama ce, ko ma abin dariya, alhali kuwa akwai haƙƙin bayin Allah a cikinta, akwai kuma dukiya da ke zubewa a bakin kanti ba tare da mai kanti ya sani ba. Mas'alar kuwa ita ce ta masu jiki, maza da mata, waɗanda Allah ya yi su da ƙiba ko faɗin ƙirji ko kaurin damtse, da yadda ɗinkakkun tufafin kanti suka ƙi karɓarsu.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan magana shi ne, yayata wadda muke ciki ɗaya da ita Allah ya kira ta aikin Hajji. Mace ce mai jiki tun tana budurwa, irin gidanmu ne ta wajen uwa, ga kuma haihuwa tara. Da tafiya ta matso sai ta ce in raka ta kasuwa ta sayi abaya da dogayen riguna na sawa a ciki. Muka shiga shago shida, ko wanne cike da kaya har rufi, amma ba a sami ko ɗaya da ta shige ta ba. Wadda ta kai tsawo sai ta ƙi kafaɗa, wadda ta wuce kafaɗa sai ta ɗame a damtse. A shago na shida wani yaro ya dube ta ya ce, "Hajiya, ai irinku sai dai tela," abokan aikinsa suka ƙyalƙyale da dariya. Ba ta tanka masa ba. Ta juyo ta ce mini, "Malam, mu koma gida, na gaji." Na san ba gajiyar ƙafa take nufi ba. Daga baya wata maɗinkiya ta unguwarmu ce ta fid da mu kunya, ta auna ta, ta ɗinka mata cikin kwana uku. Amma maganar yaron nan ba ta bar zuciyata ba, har na shiga binciken asalin abin, ga kuwa abin da na samu.

Yadda aka saba a da

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wannan wahala ba, domin su tufa ake yankawa daidai da mutum. Masaƙi yana saƙa fari ko saƙi tsagi tsagi, abin da ake kira ƙwarya, maɗinki ya harhaɗa. In mai riga ƙato ne sai a ƙara ƙwarya, in ɗan siriri ne a rage, magana ta ƙare. Babbar riga kuwa an yi ta ne da yalwa tun asali, har akan naɗe hannunta a kafaɗa, ba ruwanta da wanda ya rame ko ya yi ƙiba bayan an ɗinka ta. Haka wandon buje, mazagi ne ke tsuke shi gwargwadon ƙugun mai shi. Zane shi ma mace ke ɗaura shi yadda ya yi mata, tana da ciki ko ba ta da shi. Saboda haka riga ɗaya takan yi wa uba, ya mutu ɗa ya gada ya sa, ko da jikinsu bai zo ɗaya ba.

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Bajamushen matafiyin nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a shekarar 1851, ya kuma ba da labarin yadda tufafin Kano ke kai wa Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Rigar da aka ɗinka a Kano ta yi wa mutumin Timbuktu wanda maɗinki bai taɓa gani ba, saboda yalwarta. To, abin mamaki, cikin wannan shekara ta 1851 ɗin ne aka ba Isaac Singer takardar mallakar keken ɗinkinsa a Amurka. Keken nan da irinsa su ne suka buɗe ƙofar ɗinka riguna dubbai a wuri ɗaya, kafin a san wanda zai sa su.

Inda awon kanti ya samo asali

Wanda zai ɗinka riga dubu bai ga masu sawa ba, tilas ya ƙaddara musu awo. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an bukaci kayan soja masu yawa da gaggawa, sai aka auna sojoji, aka ga awon ƙirjin maza yana tafiya bisa wani tsari, aka kasa shi lamba lamba. Daga nan awon ɗinkakkun kayan maza ya kafu. Ku lura fa, samari ne 'yan yaƙi aka auna. Ba a auna dattijo mai tumbi ba.

Na mata ya fi wuya. A shekarar 1939 zuwa 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata wajen 15,000, ko wace mace aka yi mata awo iri 59, ƙarƙashin jagorancin Ruth O'Brien da William Shelton, aka buga sakamakon a 1941. Sai dai awon fararen fata kaɗai aka sa a lissafi, kuma da yake ana ba da ɗan kuɗi ga wadda ta yarda a auna ta, akasarin waɗanda suka zo matalauta ne, ga shi ana fitowa daga shekarun matsi. Da aka zo fitar da ƙa'idar awo ta ƙasa a 1958, sai aka ƙara da awon matan da suka yi aikin soja, su kuwa 'yan mata ne masu ɗamararren jiki. A 1983 aka janye ƙa'idar ɗungum, ko wane kamfani ya koma yana sa lambar da ya ga dama. Wannan shi ya sa za ka ga riga biyu lambarsu ɗaya, ɗaya ta shige ka ɗaya ta ƙi.

To, jama'a, kun ga mudun da aka fara aune da shi. Tun ran farko ba a sa mai jiki a cikinsa ba, ba a kuma sa baƙar fata ba. Yau kuwa yawancin ɗinkakkun kayan da 'yan kasuwarmu ke sarowa daga ƙasar Sin suke fitowa, ko Turkiyya, ko ta hanyar Dubai. Duk wanda ya saba sari ya san awon ƙasar Sin ya fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, har rigar da aka rubuta wa XL a can takan zo daidai da L ko M na waɗancan. Abaya da jallabiya kuma lambar da ke wuyansu, 54 ko 56 ko 58, tsawo take nunawa da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. Gajeruwar mace mai jiki in tana son faɗi sai ta ɗauki mai tsawon da za ta riƙa takawa, wani lokaci ma faɗin bai ƙaru da kome ba. Abin da ya sami yayata ke nan.

Uzurin mai masana'anta da na ɗan sari

Adalci ne a ji ta bakin wanda ake tuhuma. Mai masana'anta yana da dalilai, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko, akan zana samfurin riga ne a kan mutum matsakaici, sa'an nan a riƙa ƙara kaɗan kaɗan a ko wane gefe don a fitar da lambobin sama. Wannan dabara tana aiki zuwa wani mataki, daga nan sai ta ɓaci, domin jikin ɗan Adam ba ya ƙaruwa bai ɗaya. Wanda ya yi ƙiba hannunsa bai ƙara tsawo ba, wuyansa bai ninka ba, wani a ciki take taruwa, wata a ƙugu, wata a ƙirji. Tilas a sake zana sabon samfur a gwada shi a jikin mai jiki, wannan kuwa aiki ne da kuɗi. Na biyu, faɗin yadi ƙayyadadde ne. Manyan yanka ba su jeruwa a kansa yadda ƙanana ke jeruwa, sai ƙyalle ya yi yawa, yadi kuwa shi ne babban abin da ke cin kuɗi a riga.

Ɗan sari shi ma yana da nasa. Sau da yawa ba ya zaɓen lamba, a ƙulle ake ba shi dozin, matsakaita sun fi yawa, ƙarama ɗaya ko biyu, babba ɗaya ko biyu. Yana kuma tsoron kwantai, domin jarin da ya kwanta a kan rataye ba ya haihuwa. In ka tambaye shi sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, manyan ba su tafiya."

A nan ne nake so 'yan kasuwa su tsaya su yi tunani. Littafin ciniki yana rubuta abin da aka sayar, amma ba ya rubuta wanda ya shigo da kuɗinsa ya fita da su. Mai jiki in ya zo sau ɗaya, sau biyu, bai samu ba, balle a haɗa masa da dariya, ba ya sake zuwa. Ranar da ka kawo babbar lamba guda biyu ba ya nan, sai su kwanta, kai kuma ka ce ka gwada ba a saya. Yayata da kuɗin riga biyar ta shiga kasuwa ran nan, babu shagon da ya rubuta hasararsu, ga shi kuwa shago shida sun yi ta.

Masu jiki kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 43 cikin ɗari na manyan mutanen duniya nauyinsu ya haura ƙima, kuma mutum ɗaya cikin takwas yana da ƙiba sosai. A Amurka wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna matsakaiciyar macen ƙasar lamba 16 zuwa 18 take sawa, alhali daga lamba 14 ko 16 ake fara kiran riga ta masu jiki a can. Watau wadda ita ce tsakiyar jama'a, ita kanti ya mayar bare. Mu ma nan, duk wanda ya halarci taron suna ko ɗaurin aure ya dubi iyayenmu mata da alhazanmu, ba ya bukatar a kawo masa ƙididdiga. Su ne kuwa masu abin hannu, su ke sayen kayan Salla, su ke haɗa lefe.

Abin da waɗansu suka gwada

Akwai wata mace maɗinkiya, Lena Bryant, wadda ta yi ƙaura daga Lituwaniya zuwa Amurka, mijinta ya mutu ya bar ta da jariri. A 1904 ta buɗe ɗan shago a birnin Niyok. Ta fara suna ne da ɗinka wa masu juna biyu rigar fita, abin da kantuna ba su kula da shi ba a lokacin. Daga baya ita da mijinta na biyu suka auna masu sayen kayansu, suka fitar da awo na musamman domin mata masu jiki, har wannan ɓangare ya zama shi ne ƙashin bayan cinikin. Kamfanin, mai suna Lane Bryant, ya haura shekara ɗari ana ciniki da sunansa. Abin da manyan kantuna suka raina, shi ya yi wa gwauruwa arziki.

Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen. A 2021 wani babban kamfanin Amurka, Old Navy, ya yi shelar zai ajiye kayan mata daga lamba 0 zuwa 28 a dukan kantunansa, wuri ɗaya, farashi ɗaya. Niyya ta yi kyau, amma lissafi bai daidaita ba. Matsakaitan lambobi suka ƙare, na can sama da na can ƙasa suka taru, har a 2022 kamfanin ya janye manyan lambobi daga waɗansu kantuna. Darasin da ke ciki shi ne, kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa ɗan kasuwa sanin mutanen da ke shigowa shagonsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

A Ingila kuma, a 2018, an yi ta ce-ce-ku-ce da aka ga kantin New Look yana sayar da wani wando na masu jiki da ƙarin kashi 15 cikin ɗari a kan irinsa na sauran mutane, har kamfanin ya ce zai sake duba farashinsa. A ƙasar Ajantina abin har majalisa ya kai, aka kafa doka a 2019 wadda ta ce a auna mutanen ƙasar a fitar da awo guda wanda kowa zai bi. Na kawo waɗannan ne don a san mas'alar ba ta gidanmu kaɗai ba ce, kuma masu hankali a wurare da yawa sun ɗauke ta da nauyi.

Haƙƙin da ke ciki

Ya ku malamai, mun sani sutura wajibi ce a kan mai jiki kamar yadda take a kan siriri, kuma malaman fiƙihu sun karhanta tufar da ke ɗame jiki har ta siffanta al'aura. To, in muna hawa mumbari muna cewa mata su sa tufa mai yalwa, sa'an nan kasuwarmu ba ta ajiye mai yalwar sai ga siririya, ashe ba mu ɗora wa baiwar Allah kaya mun hana ta gammo ba? Na sha ganin dattijo a sahu, jallabiya ta ɗame shi, in ya yi ruku'u hankalinsa na kan ɗinki kada ya ɓarke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son natsuwa cikin salla.

Game da dariya kuwa, hani ga izgili da jifa da miyagun laƙabi yana nan cikin Suratul Hujurati, ko wane almajiri ya hardace shi. Ya kuma tabbata cewa Uwar Muminai Sauda 'yar Zam'a, Allah ya yarda da ita, mace ce mai jiki mai nauyin tafiya, ta nemi izini ta bar Muzdalifa da dare kafin cunkoson jama'a, aka kuwa ba ta. Sauƙi aka yi mata, ba a ce laifinta ba ne. Wanda ya yi wa mai jiki dariya a bakin shago, sai ya tuna da wa ya haɗa.

Wani zai ce, ai ƙiba cuta ce, gara su rage. Gaskiya ne likitoci suna gargaɗi cewa ƙiba mai yawa tana jawo ciwon sukari da hawan jini, addini ma ya hore mu da tsakaitawa wajen ci. Amma wannan magana ce tsakanin mutum da likitansa. Wani gado ne, wata haihuwa ce, wani magani ne ya kumbura shi. Ko wanda ya ɗauki niyyar ragewa, ai ba zai zauna tsirara ba har ya rame. Ban taɓa jin wanda rashin riga ya warkar ba, sai dai wadda ya hana ta fita unguwa da zuwa makarantar Islamiyya don kunya.

Shawara

Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, ina ba ku shawara huɗu. Ta farko, ku ajiye ɗan littafi a shago, duk wanda ya nemi lambar da babu a rubuta. In wata uku ya cika ku duba, shi zai gaya muku yawan manyan da za ku saro, ba zato ba. Ta biyu, ku da ke zuwa Gwanzu da Istambul da Dubai da kanku, kuna ba da aikin ɗinki da yawa, kuna da bakin magana. Ku tafi da awon mutanenmu, faɗin ƙirji da ƙugu da damtse, ku ce a yi muku a kansa. In jarin mutum ɗaya bai kai ba, ku haɗu ku biyar. Ta uku, ku faɗi gaskiyar awo. Kada a ce wa mutum riga za ta yi masa alhali an san ba za ta yi ba, kuma a yarda ya musanya in bai ɓata ta ba. In babbar riga ta fi cin yadi, babu laifi a ɗora gwargwadon abin da ta ci, ai tela ma yakan ce a ƙaro yadi. Abin ƙi shi ne a ga mutum ba shi da wata mafita a tsuga masa. Ta huɗu, ku hori yaran shagonku. Kalma ɗaya ta yaro tana korar gida guda har jikoki.

Ga teloli kuma, wannan kasuwa taku ce in kun farka. Ga yadi nan jibge a Kantin Kwari, ga ku da littattafan awo cike da awon mutanen garinku na shekara da shekaru, abin da mai masana'anta na ƙasar Sin ba shi da shi. Me zai hana ƙungiyarku ta tattara wannan awo, ba tare da sunan kowa ba, ta fitar da lambobi irin namu, ku ɗinka abaya da jallabiya da kaftani manya ku kai shaguna? Sai dai fa ku riƙe alkawari, domin saɓa alkawarin tela gab da Salla yana cikin abin da ya tura mutane ga rigar kanti tun farko.

Yayata ta sauke farali ta dawo lafiya, cikin rigunan da maƙwabciyarmu ta ɗinka. Da na ce mata zan rubuta wannan, sai ta ce, "Malam, ka gaya musu ba sadaka muka roƙa ba, da kuɗinmu muka je." Na kuwa isar da saƙo. Allah ya sa albarka a kasuwancinku, ya suturta mu duniya da lahira, amin.